Gajeriyar Mota a Damargu da Masu Neman Leƙa Cikinta

Tudun hawa wani abu ne mai gangare, na ƙarfe ko na katako ko na roba mai tauri, da ake ajiyewa guda biyu a gaban mota. Motar ta taka su da ƙafafunta na gaba ta hau, gabanta ya rabu da ƙasa, mutum ya samu wurin kwanciya a ƙarƙashinta ya kwance notin baƙin mai, ya duba salansa, ko ya gano inda wani abu yake ɗiga. A Turai da Amurka, inda mutane da yawa ke yi wa motocinsu juyen mai da hannunsu a ƙofar gida, kanti ake zuwa a saya. A gundumomin Tanut da Belbeji na jihar Damagaram kuwa, ba haja ba ce da ake kasawa a kasuwa. Wanda ya buƙace shi sai ya shiga nema, kuma kowa da hanyar da yake bi ya kai ga cikin motarsa.

Ƙasar Damargu, inda waɗannan gundumomi suke, ba ta saba da gajerun ababen hawa ba. Tun zamanin ayari ita ce rumbun Abzin: Buzaye su sauko da gishiri da dabino, su koma da gero. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya ratsa ta a watan Janairun 1851, a nan ne ma ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, kowa ya kama gabansa. Abin hawan wancan zamani raƙumi ne, wanda yaro zai wuce ta ƙarƙashinsa bai sunkuya ba. Da mota ta zo, ita ma doguwa ce ta fara zuwa: Land Rover, manyan motocin kaya masu hawa Agadas da Arlit, sai Fijo 504, daga baya Hilux da Land Cruiser. Duk waɗannan, kwali kawai makanike ke shimfiɗawa ya shige.

Gajerun motoci baƙi ne na baya-bayan nan. Hanyar ƙasa mai lamba 11, wadda ta tashi daga Damagaram ta bi ta Bakin Birji da Sabon Kafi ta isa Tanut bayan tafiyar kusan kilomita 150, yanki ce na babban titin da ya ratsa Sahara daga Aljiyas zuwa Legas, kuma kwaltarta ce ta fara ba mutane ƙwarin gwiwa. A 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a ƙaramar hukumar Olelewa, a shekarar ce kuma aka ɗaga Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta, masu albashi suka ƙaru. A 2014 zinariyar Jado ta ɓulla, samari suka yi arewa, wasunsu suka dawo da abin sayen mota. Abin da aka saya shi ne Corolla da Avensis da Camry da Marsandi, waɗanda suka gama ƙuruciyarsu a titunan Turai kafin a sauke su a tashar ruwan Kwatano, ko ta Lome tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023.

Tsakanin cikin irin waɗannan motoci da ƙasa, abin da ake samu bai wuce santimita 13 zuwa 16 ba, alhali na Hilux ya haura 20. In mutum biyar suka shiga, aka jefa buhun gero a but, sifirin kuma ya tsufa, tazarar ta ƙara raguwa. Da an sauka daga kwalta an nufi Gangara, ko Tanhiya, ko ƙauyukan kwarin Tarka, hanya ta zama kwari biyu da manyan motoci suka zurfafa da tudun rairayi a tsakiya, kuma wannan tudun ne ke gurzar kaskon baƙin mai da salansa. Saboda haka gajeriyar mota ita ce ta fi kowace buƙatar a riƙa duba cikinta, ita ce kuma ta fi kowace wuyar dubawa.

Lissafin abin ba shi da wuya. Ba tsayin tudun hawa ne matsala ba, tsananin gangarensa ne. Bamba tana gaban taya, ita ke fara isa. In gangaren ya miƙe da sauri, sai ta dungure shi tun taya ba ta taɓa shi ba. Ana gane iyakar abin da mota za ta hau da sanda miƙaƙƙiya: a dasa bakinta inda tayar gaba ta taɓa ƙasa, a ɗaga ɗaya bakin har ta taɓi leɓen bamba. Yadda sandar ta jingina, tudun bai kamata ya fi haka miƙewa ba. Motar da bambarta ke santimita 18 daga ƙasa, ta kuma zarce taya da santimita 90, ba ta hawan abin da ya wuce digiri 11. Tudun ƙarfe na gama-gari da ake sayarwa a ƙasashen waje yakan kai digiri 17 ko fiye, wanda aka ƙera domin gajerun motoci kuwa yana wajen digiri 10 ko ƙasa. A tsawo bambancin ke fitowa: domin a ɗaga taya santimita 20, gangare mai digiri 17 yana cin santimita 65 na ƙasa, mai digiri 10 yana cin 113, ban da shimfiɗar da taya za ta zauna a sama. Ilimin ke nan gaba ɗaya. Mutanen da za a bayyana, in ban da ɗaya, sun haɗu a kan abu guda: babu wanda ya taɓa ɗaukar sandar.

Na farkonsu shi ne mai musun cewa motarsa gajeriya ce. Galibi Alhaji ne, ɗan kasuwar hatsi ko na dabbobi, wanda ya shekara da shekaru yana hawan bayan Hilux kafin Allah ya buɗa masa. A wurinsa motar daidai take, hanya ce ta yi tsawo. In cikinta ya gurji tudun rage gudu na shiga gari, laifin magajin gari ne. In salansa ta faɗi a hanyar ƙauye, laifin masu manyan motoci ne. In makanike ya ce ba ya iya shiga ƙarƙashinta, to makaniken ne ya yi ƙiba. Ya ƙware a dabara guda, wato hawan tudun rage gudu a karkace, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, bayan ya sauke iyali su taka su same shi a gaba. Shi da kansa ba ya neman tudun hawa, don nema amsa laifi ne. Yaro yake aika, shi kuma ya zauna a inuwa yana jan carbi yana kallon wani gefe.

Kishiyarsa ma'aikaci ne da aka yi wa canji daga Yamai. Wannan ya san komai. Wayarsa cike take da hotunan tudun hawa na baƙar roba, ya san ƙirar Jamus ya san ƙirar Sin, ya san nauyin da kowanne ke ɗauka. Abu ɗaya ya rage masa, yadda kayan za su iso. Kuɗin dako daga Dubai ya ninka kuɗin kayan. Wani abokinsa zai taho da shi daga Kano bayan sallar azumi. Ta wuce, magana ta koma ta layya. Ana cikin haka man motar ya wuce lokacin juye da dubban kilomita, a ƙasar da hunturu ke cusa ƙura a kowace kafa, bazara kuma zafi ke haura digiri 40. In an nuna masa katako sai ya yi murmushi, ya tambayi takardar shaidar ingancinsa. Irin wannan yakan samu sabon canji tun tudun bai iso ba, ya bar sallahu a tura masa Difa.

Mai rami tsohon makanike ne, kuma bai ga dalilin wannan wahala ba. Tun zamanin Shugaba Seyni Kunce ubangidansa ya haƙa rami a garejin aka ɗaure shi da siminti, kuma duk motar da ta taɓa lalacewa a garin ta kwana a kansa. Sai dai don manyan motoci aka yi shi. Faɗinsa ya sa abin da ke rage wa kowace tayar Corolla bai wuce tafin hannu ba, leɓen simintin da aka ɗaga masa don tare ruwan sama kuwa shi ne daidai tsayin da ke kama bamba. Abin da ke cikin ramin ya danganta da wata: a Agusta ruwa, da rani tsofaffin matatun mai da kunama, lokaci-lokaci akuyar maƙwabta. Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, rami kuwa ba shi da mafita. Duk da haka mai ramin yakan kunna ashana ya nemi sifanar da ta faɗi. In an yi masa magana, hujjarsa ita ce ga shi nan da ransa.

Mai walda bai taɓa cewa a'a ba. Kallo ɗaya yake yi wa hoton da aka nuna masa, ya ce: "Wannan? Gobe da la'asar, in an kawo wuta." Ma'auninsa ido ne da taƙi. Kayan aikinsa tsohon gadon ƙarfe, guntun rodi, da sifirin babbar mota da ya karye a hanyar Adarbisanat. Da yake ƙarfe daga nesa yake zuwa kuma da tsada, dole ya yi tsimi, kuma a tsawo yake yin tsimin, wato a wuri ɗaya tak da bai kamata a rage ba. Abin da ke fitowa daga hannunsa zai ɗauki tirela da kayanta, amma gajeriyar mota ba ta iya hawansa. Da bamba ta daki ƙarfe, maganinsa na farko shi ne: "Alhaji, a cire ta mana, ai ado ce." In an ƙi, sai ya yi ƙari a gaba, ƙarin ma ya yi masa ƙari, har abin ya kai sai amalanke da ƙarti huɗu ke kai shi inda mota take. Yawanci yakan manta da ɗan shingen da ake sawa a ƙarshen shimfiɗar sama don ya tare taya. Ana tuna masa da shi ne ranar da mota ta hau ta zarce ta sauka ta gaba, tudun ya maƙale a ƙarƙashin ƙofa. Ranar ma ba ya rasa ciniki, tunda gyaran ƙofar wurinsa za a kawo.

Sai mai sauri, wanda ba ya son dogon zance. Jak ɗaya, bulo biyu, an gama. Wannan ne ya fi kowa haɗari, kuma a nan babu wasa. Bulon siminti rami ne a ciki, an yi shi ne ya ɗauki nauyin da aka shimfiɗa masa a bango, ba nauyin da ya taru a bakin ƙarfe ɗaya ba, kuma ba ya gargaɗi: ba ya lanƙwasa, ba ya ƙara, fashewa yake yi lokaci guda. Tubalin laka ya fi shi saurin marmashewa. Jak kuwa don canjin taya aka yi shi, a kan rairayi nutsewa yake yi ya karkace. Mota irin Camry tana wajen tan ɗaya da rabi, kuma fiye da rabin nauyin yana gaba, daidai inda ƙirjin mai gyara yake. Wani reshe na wannan jinsi ya gano cewa turmi ya fi bulo, kuma a ilmance yana da gaskiya, don turmin ƙirya itace ne mai tauri ƙwarai. Matsalar daga cikin gida take tasowa. Uwargidan da ta zo daka ta tarar da turminta a ƙarƙashin Marsandi yana shan baƙin mai, ita ce hukuma ɗaya tilo da aka san ta taɓa dakatar da mai sauri.

Mai haƙa mutum ne mai tunani. A ganinsa in mota ta ƙi hawa, ƙasa ta sauka. A yankin da rijiya ke da zurfi ƙwarai, haƙa rami mai kamu uku ba aiki ba ne. Yakan tona ɗan kwari, a turo mota ta tsaya a kansa ƙafa nan ƙafa can. A kan fako, in an shimfiɗa katako a bakunan ramin, dabarar tana aiki, ta ma fi bulo aminci nesa ba kusa ba. A kan jigawa kuwa bakin ramin zaizayewa yake yi sannu a hankali, taya ta zame, mota ta kwanta da cikinta, aikin juye ya koma aikin gayya. Aibinsa na biyu shi ne yakan bar tsohon man ya tsiyaye a ramin ya binne, wurin ya shekara ko ciyawa ba ta fita.

Dillali bai taɓa ganin tudun hawa ba, amma ya san mai shi. Mai shi yana Bakin Birji. In an je, ya tafi kasuwar Tanut. In an dawo, ashe ƙanensa ne, kuma ya ba wani aro a Sabon Kafi. Kowace tafiya da kuɗin shayinta. In ya ga mai mota ya fara gajiya, yakan kai shi bayan kasuwar dabbobi ya nuna masa tudun da ake loda shanu a manyan motoci masu zuwa Najeriya, wanda tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, ya ce a gwada. Duk wannan shimfiɗa ce. Maganar da ke cikinsa tana fitowa ne a rana ta uku: "Ranka ya daɗe, ka ga wannan motar ba ta ƙasarmu ba ce. Akwai wata Hilux a hannuna." La'ada biyu yake hange, ta sayarwa da ta saye.

A kowace tasha akwai tsohon direban Agadas. Ya ajiye tuƙi, bai ajiye magana ba. Dukiyarsa faranti biyu ne na ƙarfe masu huji-huji, irin waɗanda ake sa wa taya in mota ta kafe a rairayi. Asalinsu sojojin Amurka ne suka ƙera su a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don shimfiɗa filin saukar jirgi cikin gaggawa, bayan yaƙi suka bazu a hannun direbobin Sahara. Baba yakan ba da aronsu, amma sai an saurari yadda ya fitar da mota mai tan talatin daga yashi shi da karen motarsa kaɗai. Farantan suna da tsawon da ake nema, sai dai an yi su ne su kwanta a ƙasa. In aka jingina su da wani abu ba tallafi a tsakiya, lanƙwashewa suke yi. In haka ta faru Baba ba ya ganin laifin ƙarfensa. Motar yake kallo ya girgiza kai, ya ce a zamaninsu wannan ko kaji ba a ɗauka da ita.

Jinsin da ya fi kowane yawa shi ne na masu ba da hannu. Ba a kiransu, ba a biyansu, kuma ba a taɓa hawan tudu babu su ba. Da an ji inji ya tashi sai su fito daga fadar shayi, daga wurin mai faci, daga layin masu kabu-kabu, su kewaye mota. Suna kasuwa kashi-kashi. Akwai mai "taho, taho, taho", wanda ba ya cewa "tsaya" sai ya ji ƙara. Akwai mai "yanke hagu", wanda yake fuskantar motar, don haka hagunsa daman direba ne, kuma ba a taɓa warware wannan saɓani ba. Akwai mai dukan but da tafin hannu, alamar da wasu ke nufin "ci gaba" da ita, wasu "ya isa". Akwai mai durƙusawa ya leƙa ƙasa ya ce saura kaɗan, ba tare da ya faɗi saura kaɗan me ba. Akwai kuma dattijon da ke tsaye can baya hannu a baya, wanda ba ya cewa komai sai an gama, sannan ya sanar cewa shi tun farko ya san haka za ta faru.

Abin da ya kamata su lura da shi kaɗan ne, kuma ba sa lura. Corolla da Camry da Avensis da ƙafafun gaba suke ja, saboda haka in direba ya taka mai da ƙarfi taya kan fizgi tudun ta cilla shi baya ƙarƙashin mota. Yawancin Marsandi da ƙafafun baya suke turawa, su kuma tudun suke turawa gaba yana gudu suna binsa, har a kai bango. Maganin duka biyu ɗaya ne: ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya, tsohuwar tabarmar roba a ƙarƙashin tudun, giya ta ɗaya, mai kaɗan-kaɗan, mutum ɗaya kacal yana magana. In ta hau a ja birkin hannu, a sa weji a bayan tayoyin baya biyu, a girgiza motar da ƙarfi kafin kowa ya shiga. Sharaɗin mutum ɗaya shi ne wanda ba a taɓa cikawa ba.

A aikace, tudun hawan da garejin Damargu suka fi dogaro da shi mutum ne: siririn yaro. Kowane gareji yana da ɗaya. Ba don basira aka zaɓe shi ba, don faɗin ƙirji. Maigida ya miƙa masa sifana da roba, ya shige ta gefe da rarrafen ciki, daga nan sai dai a ji muryarsa: "Maigida, notin ya ƙi." "To juya ɗaya gefen." Shi kaɗai ne a garin ya san gaskiyar cikin motar Alhaji: inda kasko ya loɓa, inda aka ɗaure salansa da waya, inda robar ƙafa ta yage. Da yake ana so a yi juye inji da ɗumi don man ya tsiyaye sosai, hannunsa ba ya rabuwa da tabon ƙuna. Ba a tambayarsa ra'ayi, in ya faɗa ma ba a ji. Aikinsa yana ƙarewa ne ranar da ya fara cika ido; sai a ɗaga shi zuwa gyaran birki, a aika ƙauye a kawo ƙanensa.

Wanda ya ɗauki sandar kafinta ne. Ba don ya fi sauran ilimi ba, sana'arsa ce ta hana shi yanka kafin awo, tunda katako daga kudu ake kawo shi kuma wanda aka yanke ba ya komawa. Yakan je wurin motar da tef a aljihu da fensir a kunne, ya auna tsayin bamba, ya auna nisanta da taya, ya auna faɗin taya. Sannan ya ɗauki falanki mai kaurin santimita 5 wanda ya fi tayar faɗi, ya yanka huɗu, kowane ya gaza na ƙasansa da santimita 30, ya jera su hawa-hawa, ya fiƙe bakin kowane, ya haɗa da dogayen ƙusoshi, ya buga guntu a ƙarshe don tare taya. Hawan santimita 5 a kowane 30 bai kai digiri 10 ba, hawa huɗu kuma sun ba da santimita 20 da ake nema. Abin katako ne zalla tun daga sama har ƙasa, babu ramin da zai rufta, babu waldar da za ta ɓalle. Illarsa nauyi, da gara in an bar shi a ƙasa. Babbar illarsa kuwa ita ce ba shi da kwarjini. Alhaji yana ganin bai dace da darajar motar ba, ma'aikaci yana ganin ba haka yake a hoto ba, mai walda yana ganin an ci amanar ƙarfe. Kafintan kansa ba ya ɗaukar abin da muhimmanci. In an yaba masa yakan ce ai benci ne da bai ƙarasa ba.

Da zarar an samu tudu mai aiki a gari, sai mai aro ya bayyana. Yakan zo da magariba, ya yi doguwar gaisuwa, ya ce na awa ɗaya ne. Ba ya ƙaryar mayarwa, sai dai kafin ya mayar wani ya karɓa daga hannunsa, wancan ma ya ba surukinsa. Tudun hawa biyu-biyu yake aiki, amma ɗai-ɗai yake yawo. Bayan wata uku akan sami ɗaya a wata fada ana ɗora butar shayi a kai, ɗayan a ƙofar wani shago ana hawa da babur. In damina ta yi ƙarfi itace ya jiƙe, akwai wanda ba a ƙara jin labarinsa. Mai shi na ainihi yakan koma aro a wurin wanda ya ara masa, a kuma ce masa ya yi ƙoƙari ya dawo da shi da wuri.

Na ƙarshe su ne waɗanda suka haƙura da nema. Kashi ɗaya suna ɗaga motar ne gaba ɗaya: a cusa zoben roba ko na ƙarfe a kan sifirin, a sa taya mai tsayin gefe. Sauya taya daga 185/65 zuwa 195/70 a kan ƙarfe ɗaya yana ƙara kimanin santimita ɗaya da rabi, zoben kuma ya ƙara biyu ko uku. Motar takan daina gurzar ƙasa, ta fara tangaɗi a kwana, shokozoba da robobin ƙafa su riƙa mutuwa da wuri, agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da abin da ake yi, wanda jandarma ba ya karɓa a matsayin uzuri. Mai irin wannan mota ana gane shi daga nesa, bayanta a sama gabanta a ƙasa, don kuɗin zoben baya kawai ya samu. Kashi na biyu kuwa ba sa taɓa komai. In lokacin juye ya yi sukan sha mai su kama kwalta zuwa Damagaram, inda akwai gareji masu injin ɗaga mota, su yi tafiyar kusan kilomita 300 zuwa da dawowa, su haɗa da gaishe da dangi da sayen atamfa. Na Belbeji sai sun fara ratsa hanyar da ta jawo gyaran kafin su kai ga kwaltar, don haka sukan tafi da waya da filaya a ƙarƙashin kujera saboda salansa.